Na Ce a Zubar, Ban Ce a Yar Ba

Malama mai wannan fili,

Don Allah ki taimake ni da hukunci, domin maganar nan ta kusa raba ni da gidan ɗana, kuma duk wanda na kai wa ƙara sai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri na san shi tun kafin a haifi masu ba ni shi. Abin da nake nema a wurinki gaskiya ce a rubuce, yadda zan yanke shafin da almakashi in ajiye a kan teburin cin abinci kowa ya karanta da idonsa.

Shekarata saba'in da uku. Talatin da huɗu daga ciki a maɗaba'a na yi su, ina gyaran rubutu kafin a buga, jan biro a bayan kunne. Ba alfahari nake ba, so nake ki san cewa idan na yi magana na san abin da na faɗa. Af, a filinki na makon jiya an bar ƙugiyar ƙa har sau biyu, ki ja kunnen mai duba miki.

Matata ta rasu shekara ɗaya da wata bakwai ke nan, Allah ya jiƙanta. Bayan rasuwar ɗana ya matsa sai na dawo gidansa, suka ba ni ɗakin ƙarshen baranda. Ban zo da tarkace ba. Akwatin tufafi ne, da ƙamus guda huɗu, da butar gahawa, da kofi ɗaya.

Butar nan tsohuwa ce ta silba, irin wadda masu shago ke ce wa fakoleta, mu kuwa a gida Ɓulɓul muke kiranta. Tana da bututu a tsakiya, da ɗan kwando mai huji-huji a samansa inda ake zuba garin, murfinta kuma da ƙwallon gilashi. In ruwa ya yi zafi sai ya hau bututun, ya yi tsalle a cikin gilashin, ya sauko ta cikin garin, ya sake hawa. Da kallon launin da ke tsalle ake sanin ta yi. Shekara talatin da takwas marigayiya tana ɗora ta kowace safiya, har ruwa ya zana baƙin zobe a cikinta, zoben da surukata ta taɓa ɗauko soson ƙarfe za ta kankare, Allah ya sa na shigo kicin a kan lokaci.

Kofin kuwa na ƙarfe ne mai farin fenti, bakinsa shuɗi, gefe ɗaya ya ɓantare. Ba a shan komai da shi, awo ake yi. Marigayiya ba ta cika shi, daidai wurin ɓantarewar take tsayar da ruwa, ta juye sau uku: ɗaya nata, ɗaya nawa, ɗaya na buta, wai ita ma Ɓulɓul tana shan rabonta. Sai cokali huɗu na garin da ta ɓarza da kanta a ƙaramin turmi. Haka na ci gaba da yi bayan ta tafi, sau uku ba ragi. In sha nawa, sauran ya huce, in juye a wurin wanke-wanke. Ban iya dafa ta mutum ɗaya ba, kuma ba na son koya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Matar ɗana ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibiti. Ba zan yi mata sharri ba, tana da tsabta har ta yi yawa, ba ta taɓa wuce ƙofata ba tare da ta gaishe ni ba. Amma Hausarta sai addu'a. Tun makon da na zo take cewa wai in na gama shan kofi in kira ta. Na zaunar da ita na yi mata bayani cikin mutunci cewa abin sha gahawa ne, kofi kuwa mazubi ne, ba a shan kofi sai dai mutum ya ci ƙarfe. Ta sake, na gyara. Ta sake, na sake gyarawa. Har a ƙofar firij na manna mata takarda da jan biro. Da ƙyar dai ta kama, kuma na yaba mata a gaban mijinta.

Makonni uku da suka wuce aka ba ni ranar aikin ido, za a cire mini yana a na dama, na hagu kuma ya jira nasa lokacin. Da safiyar ranar aikin ina sauri, ɗana yana ta danna hon a waje kamar gobara ta tashi, sai na tuna gwangwanin garin da ke kan kanta ya sha danshi, ya dunƙule, har ya fara wari. Ina saka takalmi na ɗaga murya na ce mata a zubar da tsohon kofin nan na kan kanta, ya lalace. Na san za ki tsaya a nan. To, e, kofi na ce. Sauri nake, kuma da yarensu na yi magana don ta gane. Amma ki lura da kyau, zubar na ce. Ban ce a yar ba, ban ce a jefar ba. Ruwa ake zubarwa, gari ake zubarwa. Wane mai hankali ne ke zubar da kofi guda ɗaya?

Kwana biyu na yi a asibiti. Na dawo ido a ɗaure, na lallaɓa kicin, hannuna ya taɓa gwangwanin ruɓaɓɓen gari yana nan daram a inda na bar shi, an ma goge masa ƙura. Kofin babu. Malama, ranar da aka ɗauki matata ban yi kuka a gaban mutane ba, amma ranar nan na zauna a kan kujerar kicin hawaye na zuba ta ƙarƙashin bandeji, likita kuwa ya ce kada ruwa ya taɓa idon.

Da ta ji abin da kofin yake, wai ta fita da farar rigar aikinta ta bi masu kwasar shara har inda suke juyewa, ta yi ta tono da sanda. Wannan ɗana ne ya faɗa mini, ni ban gani ba. Ta dawo ta durƙusa a ƙofar ɗakina tana ba da haƙuri, wai kuskuren fahimta ne. Ni kuwa ban yarda ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta ce mini tsatsar wurin ɓantarewar nan tana da illa ga lafiya. Ido ta daɗe da sa masa, dama ta samu. Wai kuma ba ta san na marigayiya ba ne. Haba! Wannan har sai an faɗa? Mutum ya bar gidan da ya yi shekara arba'in a ciki, ya bar gado da kujeru, ya ɗauko ɓantararren kofi, kuma a ce sai ya yi shela?

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne sayayyar da ta biyo baya. Ta kawo kofuna shida na tangaran masu furanni. Ta kawo wani tulun gilashi mai sandar dannawa, wai a zuba gari da ruwan zafi a jira minti huɗu a danna, kamar ana ba mara lafiya allura. Ta kawo mazurari da takardun tacewa. Ta kawo sabon gari a leda mai ƙyalli, laushinsa kamar hoda. A ƙarshe ta ajiye mini jug ɗin awo mai lambobi a jiki, irin na wurin aikinsu. Wato shekara talatin da takwas na aurena za a auna a kan layin mililita. Ban taɓa ko ɗaya ba in ban da garin, shi ma don ba ni da wani.

Tun daga ranar gahawa ta ƙi ni. Na gwada awo da kofin shayin gidan, ta tsinke kamar ruwan wanke-wanke. Na rage ruwa, ta yi ɗaci kamar magani, ga laka a ƙasan kofi. Na ƙara wuta, ta ƙone. Launin da ke cikin gilashin ma ba na ganinsa sosai, ido ɗaya bai warke ba, ɗayan hazo. Kowace safiya sai in tsaya a gaban murhu kamar baƙo a kicin, in ji kamar matata ta sake mutuwa.

Makonni uku ke nan ina amsa gaisuwarta da ka kawai. Ita ma yanzu tun da duku-duku take fita aiki ba karyawa, don kada mu haɗu a kicin. Ɗana ya yi tsuru-tsuru a tsakani, sai ya shigo ɗakina ya yi ta zancen ƙwallo. Na gaya masa sharaɗina: ta amsa da bakinta cewa da gangan ta yi, in yafe, a wuce wurin. In ba haka ba na riga na yi magana da wani tsohon abokin aikina, yana da ɗaki a bayan shagonsa na ɗinkin littattafai, ƙarshen wata zan koma can. Akwatina a haɗe yake.

Saboda haka ki yanke mana. Zubar na ce ko yar? Wa ya yi kuskure? Kuma in kin san yadda ake dawo da awon da ya ɓata, ki faɗa mini, don wallahi na gaji da shan laka.

Naki,
Tsohon mai jan biro

*

Baba mai jan biro,

Allah ya jiƙan Mama, ya ba idonka lafiya. Saƙon ƙugiya ya isa, mai duba mini ya sha faɗa, ya kuma ce in gaishe ka da rawar jiki. Na fahimci cewa ba ƙarfe kake wa kuka ba, kuma duk wanda ya ce maka ai kofi ne kawai bai taɓa rasa kowa ba. Amma hukunci ka nema, to ga shi, kuma ka yi mini uzuri in bai yi daɗin yankewa da almakashi ba.

A kan zubar da yar, kana da gaskiya. A tsantsar magana gari ake zubarwa, abu ɗaya tilo kuwa yar da shi ake yi. Sai dai ka san a bakin mutane kullum ana cewa a kai abu bola a zubar, ko da tsohon takalmi ne. Wannan rabin jimlarka ke nan. Ɗaya rabin shi ne kofi, kuma a nan, Baba, raina ya ɓaci a madadin yarinyar nan. Shekara ɗaya da rabi kana koya mata cewa kofi mazubi ne, ba abin sha ba. Ka gyara ta, ka sake gyara ta, ka manna mata takarda a firij a cikin gidan aurenta. Ranar da ta ji kofi daga bakinka, daga bakin mutumin da bai taɓa kuskuren kalmar ba, me kake so ta ɗauka? Ta duba kanta, ta ga tsohon kofi, ga shi kuwa ya lalace kamar yadda ka ce. Darasinka ta bi. Ita kaɗai ce ɗalibarka da ta ci jarrabawa, kuma a kan haka kake hukunta ta.

Ka tuna teburinka na maɗaba'a. Da marubuci ya kawo maka jimla wadda aikatau ɗinta ke nuna gwangwani, sunanta kuma ke nuna kofi, wa za ka zana wa jan biro, shi ko mai karatu? Ka san amsar fiye da ni.

Ba na wanke ta tas. Ba a yar da kayan dattijo ba tare da an ɗaga an nuna masa ba, ko da tsumma ne, kuma da ta ajiye kofin a leda har ka dawo da duk wannan bai faru ba. Wannan laifinta ne, ta kuma amsa shi a durƙushe. Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa ba ta tambaya ba. A gidan da kowace tambaya ke jawo darasin nahawu, mutum kan koyi yin shiru. Ɗanka ma yana da nasa kaso, shi da ya tashi yana ganin kofin nan a hannun mahaifiyarsa bai taɓa gaya wa matarsa ba, yanzu kuma ya ɓuya a bayan zancen ƙwallo. Kai ma ba ka faɗa ba. Ka ce har sai an faɗa? Sai an faɗa, Baba. Ba ta zauna da Mama a kicin ɗinku ba, tsatsa kawai ta gani.

Sharaɗinka kuwa ka janye shi yau. Kana neman ta amsa laifin da ba ta yi ba, wato ta yi maka ƙarya don ka samu abin yafewa. Mai ƙeta ba ta tono a juji da farar rigar aiki. Ka rubuta wannan da hannunka, ka wuce shi da sauri kamar ba ka gani ba.

Yanzu ga maganar laka. Ba rashin kofin kaɗai ya ɓata maka gahawa ba, garin ne. Mama ɓarzawa take yi, kuma Ɓulɓul ɓarzajje take so. Garin da ya yi laushin hoda yana zurarewa ta hujin kwando, ya yi ta dahuwa a ƙasa, shi ne ɗacin da lakar da kake sha. Ka sa a samo 'ya'yan gahawa gasassu a ɓarza su, kada a niƙe. Ka fara da ruwan sanyi, da zarar ya soma tsalle a gilashi ka rage wuta sosai, ya riƙa ɓullowa a hankali, minti shida zuwa bakwai ka sauke, ka cire kwandon kafin ka tsiyaya. Ƙara wuta da ka yi shi ya ƙona ta. Garin ledar nan bai zama asara ba, shi ne daidai da mazurari da takarda. Tulun dannawa kuma ɓarzajje yake so kamar butarka, ba ya buƙatar tsayuwa a gaban wuta, zai yi maka amfani ranar da aka ɗaure idon hagu.

Awon Mama kuwa bai ɓata ba, kai ka gaya mini inda yake. Ruwan da aka yi shekara talatin da takwas ana tsayarwa a wuri ɗaya shi ya zana baƙin zoben da ke cikin butar. Wannan zoben shi ne kofi uku zuwa wurin ɓantarewa, da hannunta ta rubuta shi, kuma kai ka hana a goge. A zuba ruwa har ya taɓa zoben, a juye a jug ɗin nan da ka raina, a karanta lambar, ka rubuta ta da jan bironka a jikin sabon gwangwani. In ɗanɗanon ya ɗan kauce, a gyara da kaɗan-kaɗan har harshenka ya ce ya isa. Bayan nan a riƙa wanke kwando da bututu sosai, zoben kuwa a bar maka kayanka.

Sai dai da ido ɗaya mai jinya da ɗaya mai hazo ba za ka ga zoben nan a cikin duhun buta ba, balle launin da ke tsalle a gilashi. Kana buƙatar idon wanda aikinsa ke nan, duba layi a jikin kwalba tun safe har yamma. Akwai irin wannan idon a gidanka, kuma makonni uku ke nan mai shi tana fita da yunwa saboda tsoronka. A ɗakin bayan shago babu shi, sai kai da murhu da lalube.

Don haka ka kwance akwatin. Gobe ka riga ta shiga kicin, ka kira ta da bakinka ba da ka ba, ka gaya mata cewa jimlar taka ce ta zo da kuskure. Ba zai kashe ka ba, ka sha gaya wa manyan marubuta haka. Ka ba ta labarin kofin, ka miƙa mata butar ta duba maka zoben. In ta yi tuntuɓen harshe ta ce kofi, ka haɗiye gyaran tare da kurɓar farko.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Ka ce har yau awo uku kake dafawa, ka sha naka, buta ta sha nata, rabon Mama ya huce ka juye a wurin wanke-wanke. Wata goma sha tara kana wannan, kuma wannan kam zubarwa ce ta gaskiya, babu gardamar kalma a ciki. Gobe kada ka zubar. Ka ɗauko ɗaya daga cikin kofunan furannin nan, ka tsiyaya wa surukarka tun da zafinta, ka ce ta zauna ta sha kafin ta tafi aiki.

Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya zuciya, ya sa Ɓulɓul ta daɗe tana tsalle a gidan nan.

Taku,
Mai filin